Shamuwar Bayan Mota

Kakana da ƙafa ya taho daga Damagaram.
Ya ce bai ga layi a ƙasa ba,
sai ƙaya, da rijiyoyi, da wani Bature mai littafi.
Kuza ce ta kira shi Bukuru,
ya haƙa rami har rami ya zama tafki.
Yau yara na iyo cikin guminsa.

Ni buroshi na riƙe, ba diga ba.
A Farin Gada nake, bayan 'yan tumatir,
ina yi wa manyan motoci ado:
zaki, dabino, jirgi mai fiffike uku
don fenti ya zubo, na ƙi gogewa.
Amma ba motar da ke barin hannuna
ba shamuwa a bayanta.

Shekaranjiya na je sakatariya neman takardar asali
don Hajjo ta samu gurbin karatu.
Akawu ya dube ni ta saman tabarau:
"Ina ne garinku?"
Na ce nan. A Dilimi aka binne cibiyata.
Ya ce, "A'a, garinku na ainihi."
Sau ɗaya na je Damagaram, ta'aziyya,
suka shimfiɗa tabarma, suka ce baƙon Jos ya iso.

Na dawo da fom a aljihu,
na goge buroshi da shi.

Davou mai walda, wanda tun rikici
ba ya haura gada zuwa unguwarmu in rana ta faɗi,
ni ma ba na zuwa tasu,
ya leƙo ya ce, "Ilu, ƙafar tsuntsun nan ta yi tsawo."
Na ce don ta taka nan, ta taka can.
Muka yi dariya, muka raba soyayyen dankali,
sannan kowa ya duba agogo.

Direba Barmo ya ce a Jibiya
jami'i ya riƙe takardunsa awa huɗu,
ya ƙirga buhu, ya ƙirga taya,
ya zagaya baya, ya tsaya cak.
"Wa ya yi wannan?"
Bai nemi fasfonta ba.
Hoto ya ɗauke ta a waya.

To, haka nan.
Ni ina kan benci, fenti a farce,
ita ta sha ruwan Maraɗi, ta ga yashin Agadas,
ta dawo farin cikinta ya yi ja.
Nakan wanke ta da tsumma,
in tambaye ta labarin dangi,
in ƙara mata baƙi a ido.