Ƙusa Goma Sha Tara

Ni na buga ƙusoshin.
Goma sha tara, a bangon tsohon siton gyaɗa
da ƙungiyarmu ta karɓi aronsa a Fagge.
Mun shafe shi da farar ƙasa har sau biyu,
amma in rana ta take
sai warin buhu ya fito gai da baƙi.

Ba mu da kuɗin firam.
Ilu kafinta ya ba mu guntayen katako,
ya ce a sa sunansa a takarda. An manta.
Asusunmu gwangwanin madara ne a bakin ƙofa,
ko ka girgiza shi ba ya cewa uffan.

Asabar aka buɗe.
Barira tela ta kawo Kantin Kwari sukutum,
ta harhaɗa shi da ƙyallayen da almakashi ya zubar.
Wani ɗan aji uku ya rataye akuyarsa
mai ƙafa biyar.
Na ce, "Ɗaya ta yi yawa."
Ya ce, "Gudu take yi."

Saminu kuwa, mai fentin A-daidaita-sahu,
zane ɗaya ya kawo, a ƙusa ta bakwai:
wani mai gyaran rediyo a rumfarsa,
rawaya fuska, rawaya riga, rawaya sama,
don abin da ya rage a gwangwani ke nan.

Shugaba na tsakiyar godiya ga masu hannu da shuni,
waɗanda ba su zo ba,
aka ɗauke wuta.
Hadari ya sauko, kwano ya ɗauki kiɗa,
kowa ya kunna fitilar waya,
muka zama taron masu neman allura.

A nan ta shigo, fakewa kawai ta zo yi,
da ledar kayan miya, takalmi a hannu.
Ta bi bango a hankali, kamar mai zaɓen tumatir,
ta wuce akuya, ta wuce Kwari,
ta tsaya.

"Wannan ai Malam Jibrilla ne."
Babu wanda ya amsa, sai ruwa.
"Shekara ashirin da biyu ina kai masa abinci rumfar nan.
Amma hular hagu take karkata.
Ina kuma ashanar bayan kunnensa?"

Saminu ya sunkuyar da kai.
Ya ce yana yaro ya san shi,
yakan tsaya a bakin rumfa sauraron ƙwallo,
bai taɓa korarsa ba.
Hoto babu. Da ka ya zana.

Ta ce, "Mu ma babu."

Sai ya zaro buroshi daga aljihu,
ya tsoma shi a murfin gwangwani.
Ita ta riƙe masa waya,
hannunta na rawa, hasken na rawa,
hula ta karkata hagu,
ashana ta hau kunne.
"Ƙara kaɗan. Yauwa. Tsaya haka."

Ta nuna 'yar takardar da na manna a ƙasa,
inda na rubuta dubu goma sha biyar.
"Me aka sa a nan?"
Na ce, "Sunan mai zanen ne, Iya."
Allah Ya yafe mini wannan.

Da ruwa ya tsagaita
ta kwance bakin zani,
ta cusa hamsin a gwangwanin madara,
ta yi wa bango sallama ta fita.
Ba mu tambayi sunanta ba.
Saminu ne ya bi ta da gudu cikin taɓo.

Bayan mako na zo da hamata cire ƙusa.
Akuya ta samu mai saye, wani likitan dabbobi.
Kwari ta koma shagon Barira, bayan keke.
Ta bakwai tun Lahadi take tsaye ita kaɗai,
da ɗigon rawaya biyu a ƙarƙashinta.
Shugaba ya ce a shafe kafin baje kolin gaba.
Na ce to.
Farar ƙasar ma ta ƙare.