Ɓarawo Yana Ƙarƙashin Gado

Motar nan gida ce.
Wani Bature ya keto Sahara da ita,
ya iso Kumasi, gwiwarsa ta yi sanyi,
ya sayar mini har da tukunya da labule.
Na kafe ta bayan Aboabo, gindin mangwaro.
Ni da na shekara talatin ina jan goro zuwa Bawku,
yau ga ni kwance a mota, ba inda za ni.

Batir biyu gare ta.
Ɗaya na tayar da inji, ba ma ga-maciji,
ɗayan na ɗaki, mai riƙe da fanka da fitila da ɗan firji.
Shi ya ci amanata.
Da magariba cike yake kamar randa bayan ruwa,
kafin sha biyun dare fanka ta soma jan ƙafa,
ta yi juyi uku, ta tsaya tana kallona.
Sauro kuwa ba ya sallama.

Na zagi Baturen. Na zagi mai cajin.
Na ce yaran Adiza ne ke satar wuta su cika waya,
har na daina amsa gaisuwarsu kwana huɗu.

Ran Asabar Gariba ya zo daga Suame Magazin,
mita a cikin leda, bakin maƙale da tsinke.
Bai taɓa komai ba sai da ya sha koko.
Sannan ya ɗaga murfi, ya yi tsaki:
kan batir ya yi furfura, fari da kore,
kamar gishirin da ya kwana a damina.
Ya wanke da ruwan zafi, ya kankare, ya ɗaure tam.
Ya leƙa ramuka shida, biyu sun sha ƙasa,
ya ɗura musu ruwan batir,
ya ce, “Kada ka kuskura ka ba shi na famfo.”

Na ce shi ke nan?
Ya ce, “Baba, wannan wanka ne, ba magani ba.
Kashe komai.”
Na kashe fanka. Na kashe firji. Na kashe rediyo.
Allurar mita ta ƙi kwanciya.
“Ka gani? Gida ya yi barci, wani yana cin tuwo.”

Ya shiga zare fis ɗaya-ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na fari, shiru. Na biyu, shiru.
Na bakwai, allura ta faɗi warwas.
Muka bi waya da rarrafe, ni da tsohuwar gwiwata,
ta bi bayan kujera, ta kurɗa ƙarƙashin gado,
ta shige wani akwatin da ban buɗe ba tun bara.

Ɗan ƙwan fitila ne, bai kai ƙwayar dabino ba.
Makunninsa ya karye, yana ci dare da rana,
yana haska wa tsohon lasina,
da hular da Memuna ta saƙa mini kafin ta rasu,
da rasit ɗin tayoyin motar da aka daɗe da yankawa.
Wata nawa yana gadin abin da na manta?

Gariba ya ce, “Shi da dattin nan suka haɗa kai.
Amma kai ma da naka laifin:
kana tatsar batir har ƙasa kullum.
Rabi za ka ɗiba, ka bar masa rabi,
in ba haka ba, ko sabo ka saya, tare za ku tsufa.”
Na ce likita ma haka ya ce da ni.
Ya karɓi sidinsa, bai yi dariya ba.

Da yamma na sayi alewa na kai gidan Adiza.
Ban yi bayani ba, su ma ba su tambaya ba.

Daren nan fanka ta kai ni har kiran asuba.
Ƙwan yana aljihuna, da sauran ɗuminsa a zatona.
Akwatin kuma ya yi duhu.
Shi ya hana ni barci.