Kore a Fuskar Waya

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a Shara Mansur,
katifa huɗu, da fanka mai tari.
Sana'armu tura tsofaffi a keke
daga Safa zuwa Marwa, sau bakwai, riyal a tafi.
Shekarar da aka kewaye Ɗakin Allah da shinge
kekuna suka kwanta a jere, mu ma muka kwanta.

Da aka buɗe ƙofa, da sharaɗi aka buɗe:
waya ta nuna kore,
hanci ya shiga takunkumi,
ƙafa ta tsaya kan tambarin da aka manna a ƙasa.

Gardama ta sauko mana a tiren shinkafa.

Hambali ya ce abin da aka dafa da gaggawa
ko tuwo ne, ɗanye ne.
Surukinsa ya turo murya daga gida,
wai allurar tana ƙafar da zuriya.
Tanimu ya lashe yatsa ya ce,
'ya'yanka bakwai, wace rijiya ce ta rage a ƙafar?
Ta sanƙarau da aka caka maka kafin ka hau jirgi,
wa ka tambaya abin da ke cikinta?
Hambali ya ce, waccan ni na miƙa hannu.
Wannan kwanona aka riƙe, aka ce in miƙa.

Ba wanda ya amsa masa. Fanka ta yi tari.

Ni dai na je.
Ma'aikaciyar ta ce in saki kafaɗa, na saki.
Kwana biyu ina rawar ɗari a zafin Makka.
Kada in yi ƙarya, ba gamsuwa ce ta kai ni ba,
kuɗin makarantar Saudatu ne.

Ilu kuwa bai taɓa sa baki ba.
Shi ya riga kowa yin ta farko, ya riga kowa ta biyu,
takunkumi biyu yake ɗorawa,
yana wanke hannu har bayan yatsunsa ya tsage.
Makon ƙarshe kafin a rufe
ya tura wani tsoho mai tari,
tsohon ya riƙe masa hannu a Marwa yana sa albarka.
Daga nan Ilu ya wuce gaida ƙanin babansa a Jarwal.
Kwana goma sha tara, aka binne ƙanin baban
ba wanda aka bari ya raka.

Tun ranar yake lissafi.
Cikin dare sai ka ji shi ƙasa-ƙasa:
Talata na tura shi, Laraba na je, ko Alhamis ce?
In Alhamis ce, na yi wanka tsakani.

Wayarsa kore shar.
Mai duba mu a bakin ƙofa waya yake kallo,
bai taɓa ɗaga kai ya ga idon ba.
Tanimu ya ce rashin kuɗi ne, zai wuce.
Wani ya ce a nemo mai ruƙiyya.
Ni na ce gajiya ce, don ina son in yi barci.

Hambali, da ba aiki, ba kore, ba inda za shi,
shi ya riƙa zama da shi har kiran assalatu,
yana dafa shayi, ba ya cewa ka daina,
sai dai ya ce, to, sake ƙirgawa, ina ji.

Shi ne kuma ya ja shi asibiti ranar Lahadi,
wurin likitan da ke sauraron magana.
Mai gadi ya ce, waya.
Ilu ya nuna, ya shige.
Hambali ya tsaya a rana, bayan gilashi,
takunkumi a haɓa, takalman Ilu na gida a leda,
awa uku.

Da dare Tanimu ya ce, ka gani? Da ka yi, da ka shiga.
Hambali ya ce, da kun duba shi, da ban je ba.

Ilu yana barci.
Muka rage murya, muka ci gaba.