Na Juya Wa Allo Baya

A Aboabo, bayan sallar isha'i,
Inusa tela yakan tura kekunan ɗinki jikin bango,
ya jawo benci uku, ya goge fuskar talabijin da ƙyallen atamfa.
Kowa ya fuskanci haske.
Ni kaɗai na juya wa allo baya,
littafi a cinya, biro a baki,
don malamina na jami'a ya ce:
je ki auno mini zuciyar mai kallo.

Na ja layi huɗu a takarda:
dariya, hawaye, tsaki, shiru.
Na zaci buhu huɗu za su kwashe kasuwar.

Barikisu mai wake da shinkafa
ta shigo da ƙamshin yaji a zaninta.
Ita ba kallo take ba, shari'a take yi.
“Kai, kada ka sa hannu a takardar nan!
Wan naka ɓarawo ne, ba ka ga idonsa ba?”
Mutumin cikin gilashi ya sa hannu.
Ta bugi cinya, ta ja Allah ya isa
kamar gonar ubanta aka sayar.
Na rubuta: tsaki, ɗaya.
Hannuna ya san ya rage mudu.

Mumuni, yaron mota a layin Kejetia,
wanda kiran fasinja ya cinye wa murya,
kullum cewa yake duk shirme ne, biyansu aka yi.
Amma da yaron fim ya tsaya a tasha
yana ƙirga sulalla, ya sake ƙirgawa, ba su kai ba,
sai Mumuni ya hau faɗa:
wa ya kunna maganin sauro yana shiga wa mutane ido?
Babu wanda ya kunna komai.

Sai Baba Ɗantani, tsohon falken goro.
An kashe mutum biyu, bai motsa ba.
An yi biki, an yi gobara, yana jan carbinsa.
Can wata mata a gefen hoto,
wadda ko suna ba a ba ta ba,
ta leƙo ta tagar mota ta ce, “A gaida gida.”
Tsohon ya yi tari.
Ya sake yin tari.
Ya cire hula yana duba cikinta
kamar an bar masa wasiƙa.
Shekara arba'in da ɗaya, in ji Inusa daga baya,
rabonsa da garin da aka binne cibiyarsa.

Wane layi zan ba wa tari?

Saura ƙiris asiri ya tonu, wuta ta ɗauke.
Duhu ya zauna a cinyar kowa.
Ba wanda ya tashi.
Barikisu ta ce alƙali zai mayar da gonar.
Mumuni ya ce yaron zai sayi motarsa, fara, sabuwa dal.
Wata yarinya ta rantse uwar ba ta mutu ba, suma ta yi.
Baba Ɗantani ya ce, can ƙasan maƙoshi,
“Motar nan dai, a bar ta ta isa.”
Fim ɗaya Inusa ya kunna,
ni goma sha bakwai na ƙirga a duhun.

Barikisu ta lalubo gwiwata.
“Ke mai rubutu, tun ɗazu mu kike kallo.
Mun iya wasan, ko a sake?”
Shago ya ɗauki dariya.
Na nemi layinta da yatsa, ban same shi ba.

Ran Litinin malam ya zagaye shafina da jan biro:
ina alƙaluma, kashi nawa cikin ɗari?
Na ce tsaki tara, dariya ashirin da uku,
hawaye ɗaya da aka ɗora wa hayaƙi.
Ya gyaɗa kai, ya rubuta.

Tarin ban ba shi ba.
Yana jakata, tsakanin kuɗin mota da katin makaranta.
Ran Juma'a zan koma Aboabo ba littafi,
in zauna a bencin baya, kusa da tsohon,
in tambaye shi sunan garin.