Fatalwa a Layin Famfo

Dala ashirin na biya a ƙofa,
ni da furfurata, cikin ƴan makaranta,
don Cima, ɗiyar ƙanwata, ta ce,
"Kawu, ni ce fatalwa.
In ba ka zo ba, sai na biyo ka har gida."

Sun rataye farin zane a bangon wani gareji a Zango,
injin wuta yana tari a baya
kamar tsohon da taba ta cinye wa ƙirji.

Samari huɗu aka kora daga aji,
suka ci alwashin kwana cikin duwatsun Birni,
inda wai wata mata ta mutu tana jiran ruwa.
Tsakar dare ta fito, fara sol, wuya a karkace,
tana jan ƙafa, tana jan jarka.
Ba ta nemi jini ba, ba ta nemi kurwa ba.
Ta ce, "Wane ne na ƙarshe a layi?"

Gareji ya kece!
Duk wanda ya taɓa sammako a Damagaram
ya tarar da famfo yana busa iska kamar sarewa
ya san rijiyar da aka ɗebo dariyar nan.
A nan yaran suka ciri tuta:
tsoronsu na gida ne, ba rigar aro ba.

Sai Zabairu, mai kunnuwa kamar faifai,
ya buɗe baki zai ja addu'ar tsari,
firgici ya murɗe masa harshe,
ya karanto ta cin abinci.
Malamin da ke gefena ya rufe fuska da hula,
kafaɗunsa suna rawa.

To amma gaskiya ba ta jin kunyar kowa.
Jinin nan zoɓo ne, da ganinsa har da sukari,
na ga Kyari yana lasar leɓe bayan ya mutu.
Fatalwa da agogo a hannu,
ina za ta, wa ke jiran ta?
Wannan da sauƙi, rashin kuɗi ba laifi ba ne.

Abin da ya ci mini rai gaggawa ce.
Tsoro shayi ne, sai an bar shi bisa gawayi,
su kuwa da ya fara tafasa
sai su kwara masa barkwanci, ya huce.
Akwai inda aka yi tsit,
inuwa ta hau dutse ba mai ita,
tsigar jikina ta tashi,
sai wani ya saki tusa.
Sau uku aka yi tusar nan.
Ta farko kaɗai ta biya kuɗinta.

Yarinyar nan mai tabarau, da ta fi su duka kai,
ihu da gudu kawai aka raba mata.
A ƙarshe ga shugaban makaranta da nasiha
mai tsawon hanyar Agadas.
Wa ya tambaye shi?
An manta fatalwa tsaye da jarkarta,
ko ɗigo ba ta samu ba.

Da aka watse Cima ta zo,
alli bai gama fita daga girarta ba.
"Kawu, yaya?"
Na ce, "Cire agogo, rage tusa,
ku bar shiru ya yi aikinsa."
"Amma ka ji tsoro?"
Na ce, "Ni? Haba."

Na kama hanya, an ɗauke wuta.
Duwatsu sun gurfana kamar baƙaƙen raƙuma.
Can bayana, ƙurr... ƙurr...
jarka ake ja a ƙasa.
Na san yaro ne,
ya ji labarin ruwa ya zo Garin Malam.
Na sani sarai.
Duk da haka ban waiwaya ba,
kuma abin da bakina ya karanto,
Allah Ya yafe mini,
addu'ar cin abinci ce.