Lissafin Ma'aji, Daren Talata

Wasiƙar ta iso da shuɗin hatimi
daga babban birni, inda ake dafa kuɗi
a ɗebo mana a cokali.
Ta ce: dala miliyan biyu da ɗoriya na nan, naku ne,
amma ku bar mana ƙofar bayan gidan wakafi a buɗe.
Duk wanda kuka tsare, in ba shi da takardar zama,
ku riƙe shi kwana biyu bayan alƙali ya sallame shi,
har motarmu ta iso.

Ni ma'aji ne. Shekara goma sha tara
ina tarawa ina ɗebewa a ɗaki mai taga ɗaya
da ke kallon tsohuwar gada.
Na san nauyin miliyan biyu:
motar kashe gobara da ba ta tari kafin ta tashi,
gishirin da ake watsa wa titi in ƙanƙara ta sauka,
albashin Marguerite Dombrowski, nas ɗin dare,
wadda ta rufe wa mahaifiyata ido.

An ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.
Na yarda. Amma askar nan
a kan wa za ta sauka?

Na san wani kai.
Eusebio Tzoc, shi ya gyara rufin ofishin nan bara,
ƙusoshi a baki, yana waƙa ta hanci.
Jiya fitilar bayan motarsa ta mutu,
yau yana ɗaki na shida, an cire masa igiyar takalmi.
'Yarsa ce ke kaɗa ganga a makarantar jikata.

Da dare majalisar gari ta zauna.
Kofi ya huce, kujeru suka ƙare.
Kansila Pruitt ya miƙe, ba mugu ba ne,
ƙaninsa ke tuƙa motar nan mai tari.
Ya ce: gada ba ta karanta fasfo,
ranar da ta karye, da mai biza da marar biza za ta tafi.
Ya ce doka doka ce.
Ban sami ƙarya a bakinsa ba.

Sai shugabar 'yan sanda, Halvorsen,
ta ajiye wayarta a kan tebur.
Ta ce: da hunturun bara wata mata ta kira wannan lambar
ƙarfe uku na dare, da Turanci guntu-guntu,
don ta ji ana dukan yaro ta bayan bango.
Yaron yana raye.
Ranar da kakinmu ya zama na masu kora,
wayar nan za ta yi tsit,
kuma ba kowane shiru ne lafiya ba.

Gaba kura, baya siyaki.
Aka ɗaga hannu: huɗu da uku.
Ba wanda ya yi tafi.
Lauyan gari ya tattara takardunsa, ya ce sai kotu,
kotu kuwa ba ta san watan biyan albashi ba.

Yanzu saura ni da jan biro.
Ɗakin karatu zai rufe ran Asabar.
Gada ta ƙara haƙuri.
Gishiri, rabin na bara.
Na kai kan sunan Marguerite, hannuna ya tsaya,
na tsallake, na koma, na sake tsallakewa.
Amana ba ta da gurbi a wannan littafi,
na duba shafi-shafi,
ga shi kuwa ita ta fi komai tsada.

Gobe Eusebio zai biya tara,
ya karɓi igiyar takalminsa, ya fita ta ƙofar gaba,
bai san an auna shi da motar kashe gobara ba.

Ruwa ya kece tun ƙarfe goma sha ɗaya.
Na ɗaga kai daga lissafi, ina jiran ɗigo
a inda bokiti ya saba zama.
Ko ɗaya.