Mushe Labo na Jiratawa

Shekara talatin da huɗu
yana buga tsohon ƙarfen mota a gindin bedi,
mu sheƙo daga fadama, laka har gwiwa.

Ajinmu rumfar kara ce.
Damina ta kayar,
da kaka ya tayar da karan gonarsa.

Lissafi ya ƙi shiga kaina.
Ya aike ni kasuwa da dala ashirin,
albasa da canji daidai.
Nan na koya.

Jiya aka kai shi, ban iske jana'iza ba.
A aljihunsa Inna Hurera ta tsinci guntun alli
da takardar sunayenmu, ta yi laushi kamar tsumma.
Na nemi nawa.
Jan ɗigon yana nan a gefensa:
ya makara.